Darasi na 9: Takunkumi da Suturar Shiga Ɗakin Haɗa Allura

Maganin da aka haɗiya ta ciki yake bi, kuma ruwan tsamin da ke cikin tumbi yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa tun kafin su yi ɓarna. Allura da ledar ƙarin ruwa kuwa ba ruwansu da tumbi, kai tsaye suke shiga tsoka ko jijiya. Duk abin da ya faɗa cikin kwalba a masana'anta, a jikin majinyaci zai sauka. Shi ya sa ake keɓe ɗaki na musamman don wannan aiki. A darasin nan za mu riƙa kiransa ɗakin tsafta.

Yadda ɗakin yake

Bangonsa sumul ne, ba tsaga, ba tagar da ake buɗewa. Iskar da ke shiga sai ta bi ta wata matata mai suna HEPA, wadda ke tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙura mai girman maikiron 0.3. Idan aka raba milimita ɗaya gida dubu, kowane gida shi ne maikiron ɗaya, kuma kaurin silin gashi ya kai wajen maikiron 70. Ke nan ƙurar da ake yaƙi da ita ido ba ya ganinta sam. Wani masani mai suna Willis Whitfield ne ya tsara irin wannan ɗaki a 1960, a cibiyar bincike ta Sandia da ke jihar New Mexico ta Amurka.

A masana'antar magani an kasa ɗakunan mataki huɗu: A, B, C da D. Matakin A ya fi tsanani. Nan ake ɗura maganin da ba ya jure zafi, wanda ba za a iya turara shi don kashe ƙwayoyin cuta bayan an rufe kwalbar ba. Matakin B shi ne filin da ya kewaye A, inda ma'aikaci yake tsayawa. Suturar B za mu koya, domin wanda ya iya ta, sauran ba za su ba shi wuya ba.

Matatar iska ta gama da ƙurar waje. Saura wa? Saura mutum.

Wani zai ce: "Malam, ai na yi wanka da sabulu kafin in fito." Madalla, Allah ya ƙara tsafta. Amma fata ba ta daina zubar da ɓurɓushi ko da an fito daga wanka yanzu, kuma ƙwayoyin cuta a kan ɓurɓushin nan suke hawa. Haka gashi, haka gemu. Baki ma haka, don kowace magana da feshin yawunta. Tun a 1897 likita Mikulicz ya fara rufe baki da ƙyalle wajen tiyata a birnin Breslau, wanda yau ake kira Wroclaw a ƙasar Poland, bayan binciken Carl Flügge ya nuna cewa feshin baki yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ku riƙe wannan da kyau: a ɗakin tsafta, magani ake karewa daga gare ku. Duk wata doka da za ta biyo baya daga nan ta fito.

Abin da ake bari a waje

Agogo, zobe, ɗan kunne, awarwaro, sarƙa da waya duk a akwatin ajiya suke tsayawa. Ba a shiga da hoda, jan baki, kwalli ko farcen kanti. Mai cin goro ko cingam ya tofar tun daga ƙofa. Kayan gida har da safar ƙafa ana tuɓe su, a sa na masana'anta. Mata sukan damu da batun rufe kai, to su kwantar da hankalinsu, hular aikin tana rufe gashi da kunne da wuya gaba ɗaya. Maza kuma, doka ba ta ce a aske gemu ba, cewa ta yi a rufe shi, a rufe gashin baki.

Mai mura, ko tari, ko gudawa, ko ƙurji mai ruwa, ya faɗa wa shugaban sashe kafin ya shiga. A ganina wannan ita ce dokar da ta fi wuyar bi, saboda mutum yana tsoron a ce ya cika ƙorafi. Ku faɗa. Akwai aikin da za a ba ku a waje.

Jerin sa kaya

Kamar alwala, abin yana da jeri, kuma wanda ya tsallake ko ya ɓata sai ya koma baya. Kowace masana'anta da nata rubutaccen tsari a manne a bango, shi za ku bi. Amma galibi daga sama ake farawa a gangaro ƙasa.

An wanke hannu har gwiwar hannu, an busar, an sa safar hannu ta farko. Sai hula mai rufe kai da wuya. Sai takunkumi, kuma a nan za mu daɗe.

Takunkumin ɗakin tsafta ba irin na bakin titi ba ne da muka saba da shi lokacin korona. Kowane ɗaya a ledarsa yake zuwa a like, an riga an kashe duk ƙwayar cutar da ke jikinsa, kuma ba ya zubar da zare. Kafin ku buɗe, ku duba ledar: ba huji? Wa'adinsa bai wuce ba? In akwai ko da ɗan huji ne, ku jefar ku ɗauki wani. Ku yage ledar daga baki, ku kamo takunkumin ta igiya ko ta gefe. Tsakiyarsa ba wurin yatsa ba ne. Ku ɗora shi a fuska, ku danna ɗan ƙarfen da ke sama har ya lanƙwashe daidai karan hanci, sannan ku ja ƙasan ya shige ƙarƙashin haɓa. Ku numfasa. Idan kun ji iska tana hura muku ido, to bai zauna ba, kuma anjima tabarau ɗin kare ido da za ku sa zai yi hazo, hannu ya kai fuska ba ku sani ba. Sau da yawa taɓa fuska a cikin ɗaki daga gaggawar da aka yi a wannan wuri yake samo asali. Takunkumi mai ƴar ƙofar fitar da numfashi ba a yarda da shi ba, don yana sakin numfashi ba tare da tacewa ba.

Daga nan sai rigar da ke haɗe da wando. Ta cikinta ake kama ta, a tattare hannuwa da ƙafafuwanta a hannu kada su taɓa ƙasa, a zura ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. In ta taɓa ƙasa ta tashi daga aiki, ba a karkaɗewa. A cusa gindin hula cikin wuyan riga, a ja zif har sama.

A tsakiyar ɗakin sa kaya akwai benci da ya raba ƙasa biyu. Za ku zauna, ku sa takalmin ƙafa ɗaya ku tsallaka da ita ɓangaren tsafta, sannan ku yi wa ɗayar haka. Ƙafar wando tana shiga cikin takalmi. Sai tabarau, sai safar hannu ta biyu a kan hannun riga, a fesa mata sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 70, a bari ya bushe da kansa. A ƙarshe ku tsaya gaban madubi. Kada a ga fata ko gashi ko kaɗan.

Bayan an shiga

Tafiya a hankali, magana sai ta zama dole. Ba a jingina da bango, ba a harɗe hannu a ƙirji. Takunkumin da ya jiƙe da gumi ko atishawa, a fita a sauya. Safar da ta yage ma haka. Wanda ya fita sallah ko cin abinci, sababbin kaya zai sa in ya dawo.

Ba a karɓar "na iya" da baki. Akwai ƴan farantai masu abincin ƙwayoyin cuta. Za a ce ku danna yatsunku biyar a kai, a manna wani farantin a ƙirji ko hannun riga, a ajiye su a wuri mai ɗumi na ƴan kwanaki. Kowace ƙwaya da ta tsira za ta yaɗu ta zama ɗigo da ido ke gani, a ƙirga. A matakin B kada su wuce 5 a safa ɗaya. A matakin A ko ɗaya ba a so. Ana maimaita gwajin sa kaya aƙalla sau ɗaya a shekara. A Najeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke duba masana'antun magani.

Kada ku ɗauka tsanani ne kawai. A 2012 allurar da wani kamfani a jihar Massachusetts ta Amurka ya haɗa ta gurɓata da funfuna. Mutum sama da 750 suka kamu, da yawansu da sanƙarau, kuma hukumar lafiya ta ƙasar ta ƙirga mutum 64 da suka rasu.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya shafa garin alli a tafin hannunsa, ya sa takunkumi da wata babbar riga mai duhu ba tare da ya taɓa bayansu ba. Abokinsa ya zagaya shi, ya ƙirga wuraren da alli ya fito. Sai ku yi musanya.

Ku rubuta amsa a littafinku:

1. Me ya sa ake kama takunkumi ta igiya?
2. Hannun rigarku ya taɓa ƙasa kuna cikin sawa. Me za ku yi?
3. Maikiron nawa ne a cikin milimita 2?