Yadda Ake Auna Tasirin Saurin Kai Hari a Kan 'Yan Baya a Ƙwallon Amurka ta Jami'o'i

A ƙwallon Amurka, saɓanin ƙwallon ƙafa da muka saba da ita, kowace ƙungiya tana da rukuni biyu waɗanda ba sa haɗuwa a fili lokaci guda, wato masu kai hari su 11 da masu tsaron baya su 11. Muddin ƙwallo tana hannun ƙungiya, 'yan bayanta suna benci suna hutawa, da zarar ta kuɓuce kuma sai su koma fili. Ke nan duk shawarar da koci ya yanke kan saurin 'yan gabansa, ya yanke ta ne har a kan hutun 'yan bayansa. Shekara da shekaru ana muhawara a jami'o'in Amurka kan ko wannan sauri yana kashe tsaro, kuma a ganina yawancin masu muhawarar suna aunawa da mudun da bai dace ba. Ga yadda mai kallo zai bi ya auna da kansa.

Mataki na farko shi ne ka san agogon da ake magana a kai. Wasan zango huɗu ne, kowanne minti 15, kuma masu kai hari suna da yunƙuri huɗu su ci yadi 10 kafin a sabunta musu dama. Tun daga 2008, ƙungiya tana da daƙiƙa 40 bayan ƙarewar yunƙuri ta fara na gaba. Masu wasa a hankali sukan taru su yi shawara, su ƙone kusan duka daƙiƙun, masu sauri kuwa ba sa taruwa, suna tashi daga ƙasa sai su jeru su sake tayar da ƙwallo. Idan kana kallo, ka riƙa duba ƙaramin agogon da ke ƙirga daƙiƙa 40 ɗin nan a daidai lokacin da aka fara yunƙuri, ka yi haka sau goma a jere. In kuma alƙaluman wasa ne a gabanka, ka raba jimillar lokacin da ƙungiya ta riƙe ƙwallo da adadin yunƙurinta, abin da ya fita shi ne saurinta.

Na biyu, ka fahimci dokar canji, domin nan ne ƙarfin sauri yake. Idan masu kai hari suka canza ɗan wasa, alƙali zai tsaya a kan ƙwallo har sai 'yan bayan abokan hamayya sun samu damar yin nasu canjin. Idan kuwa ba su canza kowa ba, babu wanda zai jira kowa. Saboda haka ƙungiya mai sauri takan riƙe mutum 11 ɗin nan nata, ta tilasta wa abokan karawarta su ma su zauna da waɗanda ke fili, ko sun gaji ko ba su dace da yanayin ba. Ka zuba ido kan manyan 'yan sahun gaba na masu tsaro, waɗanda da yawansu sun haura kilo 130. Bayan yunƙuri shida ko bakwai a jere za ka ga sun riƙe ƙugu, ƙirji yana hawa da sauka, wasu suna waiwayen benci suna jiran umarnin da bai iso ba, ga shi kuma an riga an tayar da ƙwallo. Mai tsara musu wasa dole ya haƙura da dabaru masu sarƙaƙiya, ya koma kan guda biyu ko uku da kowa ya haddace. Jami'ar Oregon a zamanin koci Chip Kelly har manyan alluna masu hotuna take ɗagawa daga gefen fili don isar da umarni ba tare da ɓata daƙiƙa ba. Abin ya dami manyan masu horarwa, ta yadda Nick Saban na Alabama ya fito fili ya koka a 2012, sannan a 2014 shi da Bret Bielema na Arkansas suka goyi bayan wata doka da za ta hana tayar da ƙwallo a daƙiƙa 10 na farko. An jingine shawarar, ba ta zama doka ba.

Wannan duka illa ce ga abokin hamayya. Mataki na uku ya shafi 'yan bayan ƙungiyar da ke saurin ita kanta, kuma a nan ne ake yawan zaluntar masu tsara tsaro. Kada ka yi hukunci da jimillar makin da aka ci ƙungiya, ko jimillar yadin da ta bari. Wanda ya gama farmakinsa (wato daga karɓar ƙwallo har ta bar hannunsa) da wuri, ko ya ci ko bai ci ba, ya mayar wa abokin hamayya ƙwallo da wuri, don haka farmakin kowane ɓangare yana ƙaruwa. Abin yi shi ne ka ƙirga sau nawa abokan hamayya suka karɓi ƙwallo, sannan ka raba makin da wannan adadi. Mu ɗauka an ci wata ƙungiya maki 30 a farmaki 15, an ci wata maki 24 a farmaki 9. A allo ta biyun ce ta fi tsaro, amma ta farkon maki 2 take bari a kowane farmaki, ta biyun kuwa kusan 2.7. Ka ga wadda ake zagi ita ce ta fi aiki.

Makarantun soja suna nuna ɗaya fuskar wannan lissafi. A 2016 ƙungiyar makarantar sojan ruwa ta doke Notre Dame da ci 28 da 27, kuma sau shida kacal Notre Dame ta karɓi ƙwallo a wasan gaba ɗaya. A 2018 ta sojan ƙasa ta riƙe ƙwallo sama da minti 44 a gidan Oklahoma, har sai da aka je ƙarin lokaci kafin Oklahoma ta sha da ƙyar da ci 28 da 21. Ƙaramar ƙungiya tana rage yawan farmaki ne domin ta san cewa duk yadda aka yawaita shi, fifikon babba ne zai ƙara bayyana.

Sai dai kada lissafin nan ya zama mafaka ga kowane tsaro maras kyau. A 2016 Texas Tech ta Kliff Kingsbury tana da Patrick Mahomes a matsayin mai jefa ƙwallo, kuma a karawarta da Oklahoma ya jefa ƙwallo ta yadi 734, amma duk da haka aka doke su da ci 66 da 59. Kowane ɓangare ya ci yadi 854, sai dai Oklahoma ta ci nata da yunƙuri ƙasa da na Texas Tech nesa ba kusa ba. Wannan ba yawan farmaki ba ne kaɗai, rauni ne na gaske a kowane yunƙuri. Texas Tech ta ƙare kakar da nasara 5 da rashin nasara 7.

Mataki na huɗu shi ne wanda na fi ba muhimmanci. Ka ƙirga sau nawa masu kai hari suka yi yunƙuri uku ba su ci yadi 10 ba, har ta kai sun buga ƙwallo nesa sun miƙa ta. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa, kuma a nan ake ganin hakan ƙarara, domin ƙungiya mai sauri tana iya ƙone yunƙuri ukun nan cikin ƙasa da minti ɗaya a agogon wasa. 'Yan baya ba su gama shan ruwa ba, kocinsu bai gama zana musu gyara a allo ba, sai a ce su ɗauki hular kwano su koma. Idan haka ta faru sau biyu ko uku a jere, zango na huɗu ne zai tona asiri. Wasan ƙarshe na cin kofin jami'o'i na Janairun 2017, tsakanin Alabama da Clemson, shi ne shaida mafi kyau da na sani. Alabama, mai tsaron da ake ganin babu kamarsa a shekarar, ta shiga zangon ƙarshe tana gaba da ci 24 da 14. Amma 'yan gabanta sau biyu kacal suka tsallake yunƙuri na uku cikin 15, Clemson kuma ta yi yunƙuri 99. A zangon ƙarshe Clemson ta zuba maki 21, mai jefa ƙwallonta Deshaun Watson ya jefa wa Hunter Renfrow ƙwallon nasara saura daƙiƙa ɗaya, aka tashi 35 da 31. Saurin Clemson ya yi tasiri, amma gazawar 'yan gaban Alabama ta riƙe ƙwallo ce ta buɗe masa hanya.

Na biyar, ka leƙa benci. Tsaron da zai fuskanci yunƙuri 80 ko 90 kowane mako ba ya yiwuwa da mutum 11, shi ya sa Nick Aliotti, mai tsara tsaron Oregon a lokacin Kelly, ya riƙa juya 'yan wasa da yawa a kowane wasa. Ka lura ko lambobin rigunan da ke sahun gaba suna canzawa daga farmaki zuwa farmaki, kuma ko ƙarfi yana raguwa idan na biyu ya shigo.

Daga nan ne za ka iya yi wa koci adalci. Kelly ya bar Oregon da nasara 46 da rashin nasara 7 tsakanin 2009 da 2012, Kingsbury kuwa ya bar Texas Tech da 35 da 40, alhali dukansu masu sauri ne. Tambayar da ta kamata ita ce ko kocin yana iya rage gudu idan buƙata ta taso, misali yana gaba da maki 10 saura minti shida, ko kuma 'yan bayansa sun fito daga dogon farmaki a galabaice. Saban da ya yi ƙorafi shi ne ya ɗauko Lane Kiffin a 2014 domin ya tsara wa 'yan gabansa wasa, Alabama ta koyi sauri ba tare da ta yar da wasan ƙarfi ba, ta kuma lashe kofin kakar 2015. Tennessee ta Josh Heupel ta doke Alabama 52 da 49 a 2022, amma Georgia ta riƙe ta a maki 13, South Carolina kuma ta zuba mata 63. Ita kuwa Michigan ta Jim Harbaugh ta ci wasanninta 15 duka a 2023 tana tafiya a hankali. Ina ganin kocin da ba shi da gudu sai iri ɗaya yana ɗora wa 'yan bayansa nauyin da ba su cancanta ba.

Kafin ka kwatanta wata kaka da wata, ka duba dokokin shekarar. Daga 2023 agogon wasa ya daina tsayawa idan an ci yadi 10, sai a minti biyu na ƙarshen kowane rabi, wanda ya rage yawan yunƙuri a wasa. A 2024 aka yarda koci ya yi magana da ɗan wasa ɗaya ta na'urar cikin hular kwano har agogon daƙiƙa 40 ɗin ya kai saura daƙiƙa 15, abin da ya sauƙaƙa wa masu tsaro karɓar umarni. A 2025 kuma aka sa doka kan masu zubewa ƙasa da sunan rauni don katse sauri: idan ɗan wasa ya faɗi bayan an ajiye ƙwallo a mazauninta, za a cire wa ƙungiyarsa damar tsayar da wasa ɗaya daga cikin waɗanda take da su, in babu kuma a ci ta tarar yadi 5. Saboda haka yunƙuri 75 a 2015 da yunƙuri 75 a 2025 ba gudu ɗaya suke nufi ba, sai ka gwada kowace ƙungiya da takwarorinta na shekararta.