Ciwon dokin wuya: kurakuran da muke tafkawa da sunan "jijiya"

Ana saura kwana biyar sallah wani tela ya shigo ɗakinmu na gashin ƙashi. In zai dubi gefe sai ya juya gangar jikinsa gaba ɗaya, kamar mai ɗauke da tulu. Na ce, "Malam, me ke tafe da kai?" Ya dafa dokin wuyansa ya ce, "Likita, jijiya ce ta hau kan jijiya." Kwana goma sha ɗaya ya yi a kan keke, kai a sunkuye bisa allura. Kafin ya iso wurinmu an yi masa ƙaho, ya shafa man zafi har fata ta saɓule, wani yaro a shagon aski kuma ya murɗe masa wuya sai da ya ce ƙas.

Kuskuren farko yana cikin kalmar da ya faɗa. Mu Hausawa jijiya muke ce wa hanyar jini, jijiya muke ce wa zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, haka ma agarar da ke ɗaure nama da ƙashi. Amma abin da ya cika bayan wuya, wanda kuma ya fi yawan yin ciwo, tsoka ce, an jera ta hawa-hawa kamar rigunan mai jin sanyi.

Ta waje faffaɗa ce, likitoci na ce mata tirafiziyos. Daga ƙeya ta taso ta bazu kan kafaɗu biyu ta gangara har tsakiyar baya, kamar an yafa gyale. Ita ke ɗage kafaɗa, ita ke juya allon kafaɗa in za ka miƙa hannu sama. A ƙarƙashinta akwai wata siririya da ta taso daga ƙasusuwan wuya huɗu na sama ta kama kusurwar allon kafaɗa. Sau da yawa ita ce ke ƙagewa idan mutum ya tashi barci ya ji wuya ya riƙe. Danna wannan kusurwar da yatsa, za ka ga ya zabura. Can ciki kuma ga wasu da suka ratsa a karkace suna juya fuska, da kaurara guda biyu da ke gefe da gefen kwarmin ƙeya, masu jan kai baya. Daga ƙarshe, manne da gindin ƙoƙon kai, akwai 'yan ƙanana takwas, huɗu a kowane ɓangare. Su ke yin aikin hankali: ɗan gyaɗa kai, ɗan karkata shi, da sanar da ƙwaƙwalwa inda kai yake a kowane lokaci.

Kan babban mutum ya kai kilo biyar ko kusa da haka, wato galan mai lita biyar cike da ruwa, zaune a kan ƙasusuwa bakwai. Nauyinsa kuma ya fi rinjaya gaba. Shi ya sa mai gyangyaɗi a bayan mota kansa gaba yake faɗuwa: tsokokin baya ne suka saki. Muddin idonka biyu, suna bakin aiki.

Daga nan kuskure na biyu ya samo asali, kuma shi ya fi kowanne yawa: a yi ta jinyar inda ke ciwo, a bar abin da ke kawo shi. A 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa cewa in kai ya sunkuya digiri 30, nauyin da wuya ke ji ya kai kilo 18, a digiri 60 kuma kilo 27. Lissafin kwamfuta ne, ba awo a jikin mutum ba, amma ko ba alƙaluma kowa ya san riƙe bokiti a jikinka daban yake da riƙe shi hannu a miƙe. Tela, mai ɗinkin hula, mai kitso, ɗalibi, da mai duba waya a cinya daga isha'i zuwa tsakar dare, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Man zafi yana ɗumama fata ya ɗauke hankali daga ciwon na ɗan lokaci, ƙaho ma iyakarsa ke nan, ga haɗarin aska in ba a tsabtace ta ba. Gobe a koma kan keke a yadda aka saba, ciwo ya dawo.

Gyaran ba kuɗi yake ci ba. Ɗago aikin ya zo wajen idonka, ka daina kai idon wajen aikin. Telan nan bulo muka ce ya sa a ƙarƙashin ƙafafun teburin, ya ƙara fitila. Duk rabin awa a miƙe, a juya kafaɗu baya, a dubi dama da hagu a hankali. Sai motsi guda da nake koya wa kowa: ka zauna a miƙe, ido na kallon gaba, ka ja haɓa baya kamar an miƙo maka abu mai wari, ka ƙirga biyar ka saki, sau goma. Wanda ya haura shekara arba'in kuma ya je a auna idonsa. Da yawa rashin tabarau ne ke sa su zura wuya gaba kamar kunkuru.

Murɗe wuya kuwa, ina roƙo a bari. Ƙarar nan ta ƙas ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa, iska ce a cikin ruwan gaɓa. Akwai hanyoyin jini biyu da ke bi ta 'yan ramukan ƙasusuwan wuya, su yi kwana a ƙarƙashin ƙeya, su shiga kai su shayar da bayan ƙwaƙwalwa. Fizga mai ƙarfi kan iya tsage bangon ɗaya daga ciki, jini ya daskare, a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, gaskiya ne. Amma me aka samu da ya kai a sayi wannan kasada? Mai aski ya tsaya a askinsa.

Wasu kuma ɗaya gefen suke zarcewa, su sayi kwalar wuya a kemis su ɗaura mako biyu. Tsokar da ba ta motsi rauni take ƙarawa. In ba likita ne ya sa ba, a cire, a gasa da tsumma mai ɗumi, a ci gaba da motsi gwargwadon yadda ciwo ya bari. Galibi cikin kwanaki yake saki. Filo uku ma ba gata ba ne, haka kwanciya rubda ciki da fuska a murɗe gefe har asuba. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda ba suna, yawanci da masu cin ciki da ƙoda a ciki, ga mai gyambon ciki kuwa ba a magana.

Masu ɗaukar kaya a ka sun san sirrin da masu waya suka manta: kai a miƙe, nauyi ya bi ƙashi ya sauka. Inda ake samun matsala wajen ɗorawa ne da saukewa, da waiwaye da kaya a ka. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce. A yi gammo, a ce "ɗora min", a ce "sauke min", kuma kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara takwas kayan babba.

Sai zancen da na fi ji: "Ƙeyata na ciwo, jinina ne ya hau." Akwai wata jijiyar saƙo da ke huda tsokokin nan ta haura bayan kai har tsakar ka, kuma tsokokin kansu in sun ɗaure sukan aika ciwo sama, wani sa'in har bayan ido. Hawan jini kuwa yawanci shiru yake zuwa, ba ya sallama. Mai ciwon ƙeya yana iya zama jininsa lafiya lau, wanda ba ya jin komai kuma nasa ya wuce 140 bisa 90. Awo ne kaɗai ke raba gardama. Kada ka ari ƙwayar hawan jinin Baba don wuya ya riƙe.

Kuskuren da ke kisa shi ne a ɗauki abin da ba tsoka ba a ce tsoka ce. Wuya ya sanƙare, haɓa ta ƙi taɓa ƙirji, ga zazzaɓi, ga matsanancin ciwon kai, ko amai, ko gudun haske, ko ruɗewa: sanƙarau ake zargi har sai likita ya ce ba shi ba ne, musamman daga hunturu zuwa bazara. A 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, akasari a Arewa, ya kashe fiye da 11,000. Wannan ba na tausa ba ne, ba na "bari mu ga gobe" ba ne. Asibiti a daren. Haka in ciwon ya gangaro hannu da mutuwar yatsu, cokali na suɓucewa, ko ƙafa na harɗewa.

Wanda kuma ya faɗo daga babur ya ce wuyansa, kada a ciccibe shi hannu da ƙafa kai na reto, kada a zaunar da shi a ba shi ruwa. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe shi da tafin hannu biyu a yadda ya same shi, sauran su nemo ƙyaure ko faffaɗan katako.