Yadda Ake Tabbatar da sin²θ + cos²θ = 1 da Da'ira

Ɗalibaina na lesin a nan Jos, masu shirin WAEC, sun ishe ni da wannan tambaya. To, kowa ya ɗauko fensir da kamfas.

1. Ja layin x a kwance, layin y a tsaye, su haɗu a O.
2. Kafa kamfas a O, ka zana da'ira mai rediyos 1, wato nisa daga O zuwa bakin da'irar 1 ne.
3. Ɗiga alama a bakin da'irar, sama ta hannun dama, ka kira ta P.
4. Ja layi daga O zuwa P. Kusurwarsa da layin x ita ce θ.
5. Sauko da layi daga P, ya dira kan x a digiri 90. Ga alwatika ta fito.
6. Rubuta cos θ a gindinta, sin θ a tsayinta, domin cos θ = gindi ÷ OP, sin θ = tsayi ÷ OP. Tunda OP 1 ne, rabawa da 1 ba ta canza komai.

Hattara, nan ake yawan juya su! Cos ne a kwance, sin a tsaye.

7. Kawo ƙa'idar Pythagoras: gindi² + tsayi² = 1².
8. Sa sunayensu: cos²θ + sin²θ = 1.

Ka lura, sin²θ na nufin sin θ sau sin θ. Shi ya sa ko P ta koma hagu ko ƙasa, inda cos ko sin ke ɗaukar alamar ragi, alamar ɓacewa take yi idan an ninka shi da kansa.

9. Gwada da digiri 30: sin²θ + cos²θ = 0.25 + 0.75 = 1.