Kafin ka hau bishiya neman barewa a Pensilvaniya

Duk shekara da sanyi ya fara leƙowa sai an samu sabon zuwa ya tare ni a ƙofar masallaci bayan Juma'a: "Kawu, an ce kai ne mai shiga daji, bana da ni za a je." Ba na ƙi. Yadda mutanenmu na Harrisburg, babban birnin jihar Pensilvaniya ta Amurka, suke raba naman barewa gida-gida kamar na layya abin alfahari ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kowa tambayarsa ɗaya: wace bindiga zan saya? Babu mai tambayar inda zai zauna.

Farautar nan ba ta kiɗa da karnuka da kirari ba ce irin ta gida. Kwanto ake yi. Ka ɗaura kujerar ƙarfe a jikin bishiya, tsayin ƙafa 15 zuwa 20, ka hau tun da asuba, ka yi tsit har barewa ta biyo.

Lasisi ba wuya. Ka yi darasin da hukumar namun daji ta jihar ta wajabta wa sabon mafarauci, ka saka riga da hula ruwan lemo, kakar bindiga kuma tun 2019 ranar Asabar ɗin da ke bin bikin godiya na Nuwamba ake buɗe ta. Amma wanda zamansa a ƙasar bai daidaita ba, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, ko ta aro. Ka ga lauya tukuna, kada ƙwaɗayin nama ya ja maka tikitin komawa gida. Idan kuma ka ga an shafa wa bishiyoyi fenti launin shunayya (purple), gonar wani ce, ba a shiga sai da izininsa.

Kujerun iri uku ne. Akwai mai tsani a haɗe, akwai wadda ake ratayawa da maɗauri, akwai wadda kake hawa da ita kana jan jiki kamar mai hawan giginya. Ɗan koyo ya sayi mai tsani. Tana da nauyi, sai mutum uku ku kafa ta, amma ita ce mai yafe kuskure. Ka duba nauyin da aka rubuta a jikinta, galibi wajen kilo 136, kuma da kai da kayan sanyinka da jakarka da bindigarka duk a ciki ake lissafi.

Ni na ƙi jin wannan magana. A shekarata ta biyu na sayi ta ratayawa gwanjo a hannun wani, ina ta murnar araha. Maɗaurinta ya sha rana da ruwa har ya koɗe, na ja da hannu na ce ai da sauransa. Ina sanye da rigar ɗamara, irin wadda ke kama kafaɗa da ƙirji da cinyoyi, amma a ganina sai na zauna sannan zan maƙala igiyarta a bishiya. Ina ɗaga ƙafa daga matakin ƙarshe zuwa kujera na ji wani ɗan "tas", ba ma da ƙarfi ba. Sai gani a ƙasa, dunduniya ta fashe, wuyan hannu ya karye. Wayata tana cikin jaka, jakar kuma na riga na rataye ta a sama, ina kwance cikin ƙanƙara ina kallonta tana lilo. Uwargida ta san na tafi daji, amma wane daji? Wajen awa biyu ina salati ina ihu kafin wani dattijo mafarauci ya jiyo ni. Wata uku ban je aiki ba. Kuɗin haya 'yan uwa ne suka yi karo-karo, Allah Ya saka musu, takardun asibiti kuwa sun daɗe suna zuwa bayan an cire filasta.

Shi ya sa nake tada jijiyar wuya. Yawancin faɗuwa a wajen hawa ko sauka take, musamman wannan taku ɗaya tsakanin tsani da kujera. Ka sayi doguwar igiyar da ake ɗaurewa daga saman kujera har gindin bishiya, mai ƙulli da ke zamewa idan ka tura shi da hannu, ya cije idan nauyi ya faɗo masa. Ka maƙala ɗamararka tun ƙafarka tana ƙasa. Bindiga ba a hawa da ita a kafaɗa: ka cire harsashi, ka jawo ta da wata igiya bayan ka zauna. Idan ka zame ɗamara ta riƙe ka, kada ka tsaya kana reto, jini yana taruwa a ƙafafu har mutum ya suma. Akwai ɗan maɗaurin da ake takawa a miƙe, ka san aljihun da yake.

Bishiyar ma ka dube ta da rana. Wani koren ƙwaro da aka fara gani a jihar a 2007 ya kashe itatuwan da ake kira ash ba iyaka, suna nan tsaye kamar masu rai. Ka zaɓi ɗanya, miƙaƙƙiya, ka ɗaga kai ka ga ba busasshen reshe a samanka. A dajin gwamnati ba a buga wa bishiya ƙusa, kuma idan za ka bar kujera ta kwana sai ka maƙala mata shaidarka.

Mai son bina bana ya zo gidana wata Asabar a watan Oktoba. Akwai bishiya a bayan gida, za mu kafa kujerar ƙasa-ƙasa, ka hau ka sauka har ka gaji, ka kuma gwada rataya a ɗamara ina tsaye. Ka zo da rigar da ke da aljihun ƙirji mai zif, nan waya za ta zauna.