Yadda Mai Raunin Sakamako Zai Samu Gurbi a Makarantar Koyon Aikin Jinya

Idan sakamakonka bai taka kara ya karya ba, fara da sake zama jarrabawar darussan da masu tantancewa suka fi sa wa ido, wato bayoloji da kemistiri da lissafi, domin sabon maki mai kyau shi ne hujja mafi ƙarfi a ganina. Sannan ka nemi aikin sa kai a asibiti, ko da gyara wa majinyata shimfiɗa ne, ka roƙi ma'aikaciyar jinyar da ta ga ƙwazonka ta rubuta maka takardar shaida.

Kada ka dogara da makaranta ɗaya. Wasu suna ba jarrabawar shiga da ganawar baka muhimmanci sosai, wasu kuma suna karɓar wanda ya fara da kwas ɗin mataimakin jinya.