Yadda ake lissafin jiran girin kad na aiki a Amurka

Duk wanda kamfani ya yi wa alkawarin takardar zaman dindindin a Amurka, wato girin kad, abin da yake son ji shi ne ranar da za ta fito. Babu lauyan da zai iya yanke masa rana. Amma ana iya yin lissafi mai ma'ana idan aka gane cewa layi uku ake bi: na Ma'aikatar Ƙwadago, na hukumar shige da fice ta USCIS, da na Ma'aikatar Harkokin Waje wadda ke rabon bizar kanta.

Fara da sanin rukuninka. Doka ta ware biza 140,000 a shekara ga masu shigowa ta hanyar aiki, kuma mata da 'ya'ya suna cikin wannan adadi, don haka magidanci mai mata da 'ya'ya uku ya cinye gurbi biyar ke nan. EB-1 na fitattu ne da manyan manajoji, EB-2 na masu digiri na biyu ko ƙwarewa ta musamman, EB-3 na masu digiri na farko da masu sana'a. Kowanne yana samun kashi 28.6 cikin ɗari, kimanin 40,000. Ƙananan ma'aikata da aikinsu bai buƙatar horon shekara biyu suna da ɗan ƙaramin kaso a cikin EB-3, kuma layinsu ya fi jan ƙafa.

Sai ka duba inda aka haife ka, ba fasfon da kake riƙe da shi ba. Akwai iyakar kashi 7 cikin ɗari ga kowace ƙasa, abin da ya sa haifaffen Indiya a EB-2 yake jira fiye da shekara goma. Indiya, China, Meziko da Filifin suna da layinsu daban. Haifaffen Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru ko Saudiyya yana cikin babban layin sauran ƙasashe. Idan miji da mata ba ƙasa ɗaya aka haife su ba, suna iya bin layin da ya fi sauri, muddin tare suke nema.

Mataki na gaba a hannun kamfani yake, kuma nan ne lokaci ya fi salwanta ba tare da an lura ba. Yawancin masu EB-2 da EB-3 sai an bi tsarin PERM, wato tabbatar wa Ma'aikatar Ƙwadago cewa babu ɗan ƙasa da ya cancanci aikin. Kamfani zai fara neman Ma'aikatar Ƙwadago ta tsayar da albashin da ya dace da aikin, da fom ETA-9141. Wannan kaɗai yana cin watanni. Daga nan a tallata aikin: kwana 30 a ofishin samar da aiki na jihar, talla a jarida ranakun Lahadi biyu, da sanarwa a manne a wurin aiki na kwanakin aiki 10. A dakata kwana 30 ko wani ɗan ƙasa da ya cancanta zai fito, sannan a shigar da fom ɗin neman PERM, wato ETA-9089. Tallan da ya wuce kwana 180 ya mutu, sai a sake sabo. A 2024 da 2025 amsar PERM tana ɗaukar fiye da shekara, idan kuma aka tsamo fayil ɗin don bincike, jiran ya ƙaru. Kuɗin wannan mataki doka ta ɗora wa kamfani, ba ma'aikaci ba.

Abin da ya kamata a riƙe: ranar da aka shigar da ETA-9089 ita ce ranar kama layinka. Duk watannin da aka ɓata kafin ta ba sa shiga lissafi. Shi ya sa muke ganin tambayar da ta fi amfani ga kamfani ba "za ku yi min girin kad?" ba ce, a'a, "a wane wata za ku shigar?" Masu EB-1, da masu EB-2 da aka yafe wa PERM saboda amfanin aikinsu ga ƙasar, da nas-nas masu rajista, ba sa bin wannan doguwar hanya, ranarsu ita ce ranar da USCIS ta karɓi fom I-140, wato takardar neman a amince da ma'aikacin a rukuninsa.

Idan PERM ta fito, kamfani yana da kwana 180 ya shigar da I-140. Ana iya biyan kuɗin gaggawa da fom I-907 a samu amsa cikin kwanakin aiki 15, ko 45 ga manajojin kamfanonin ƙasa da ƙasa da masu yafiyar PERM ta amfanin ƙasa. Kuɗin yana gaggauta I-140 ne kawai, ba ya matsar da kai gaba a layin biza ko da taku ɗaya. Ka ajiye kwafin takardar amincewa, I-797, domin ranarka tana rubuce a kanta.

Yanzu sai karanta Visa Bulletin, jadawalin layin biza wanda Ma'aikatar Harkokin Waje ke fitarwa kowane wata. Jadawali biyu ne a sashen aiki. Final Action Dates yana nuna waɗanda za a iya ba wa katin. Dates for Filing yana nuna waɗanda za su iya fara miƙa takardu. Ka bi layin rukuninka zuwa ƙarƙashin ƙasarka. Idan ka ga C, ba jira. Idan U ne, an rufe. Idan kwanan wata ne, kamar 01APR23, dole ranarka ta riga shi. Wanda ranarsa ta faɗa daidai 1 ga Afrilu 2023 bai shiga ba tukuna. Mai nema daga cikin Amurka sai ya leƙa shafin USCIS ya ga wane jadawali ta yarda a bi a wannan watan.

Don ƙiyasi, ka jera fitowar watanni 12 da suka wuce ka ga nisan da ranar ta yi. Kada ka dogara da wata ɗaya. Shekarar biza tana farawa 1 ga Oktoba, lokacin ne aka fi ganin motsi. Daga Yuli zuwa Satumba guraben sukan ƙare, ranar ta tsaya cik ko ma ta koma baya. Saboda haka da zarar ƙofa ta buɗe a shigar a watan, kada a ce sai wata mai zuwa.

Na cikin Amurka zai shigar da I-485, fom ɗin neman katin kansa, tare da sakamakon gwajin likita, I-693, wanda tun Disamba 2024 ake buƙatar su tafi tare. Na waje zai bi ta cibiyar tattara takardun biza ta NVC da fom DS-260, sannan ganawa a ofishin jakadanci. A Najeriya, Legas ake yin ta. Wanda NVC ta sanar da shi ya yi shiru shekara guda yana iya rasa gurbinsa. A nan kuma akwai cikas da jadawali ba ya nunawa: takunkumin shiga Amurka na Yuni 2025 ya haɗa da Chadi da Sudan, na Disamba 2025 ya ƙara Nijar da Najeriya. A tabbatar da matsayin wannan doka kafin a kashe kuɗi.

Abu biyu sukan lalace a tsakiyar jira. Na farko canjin aiki. Idan an amince da I-140, ranarka taka ce, za ka iya ɗaukarta zuwa sabon kamfani, amma shi zai sake PERM daga tushe. Idan kuwa I-485 ta kwana 180 a hannun hukuma, kana iya komawa aiki iri ɗaya ko mai kama da shi ba tare da sake komai ba.

Na biyu shekarun yara. Ɗan da ya kai 21 ya fita daga fayil. Dokar CSPA, mai kare matsayin yara, tana rage masa daga shekarunsa kwanakin da I-140 ta yi tana jiran amsa, ban da na PERM, kuma dole ya nemi bizar cikin shekara guda da samuwarta. Iyalin da ke da ɗan shekara 19 ko 20 su zauna da lauya kafin biyan kuɗin gaggawa, domin amsar kwana 15 tana nufin kwanaki kaɗan ne za a rage masa.