Yadda ƙungiyar unguwa za ta nemi tallafi a Kumasi

'Yan uwa na Aboabo da Asawase, kun dame ni da tambayar nan, to ga amsa:

1. Ku tsayar da aiki guda, misali rijiyar burtsatse.
2. Ku yi wa ƙungiyar rajista a ofishin rajistar kamfanoni, kowane shugaba da Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa.
3. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Hattara: kada kuɗi ya shiga MoMo (asusun kuɗi na waya) ɗin mutum ɗaya, ko Alhaji ne. Nan ake ɓatawa.
4. Ku rubuta kasafi a sidi, har buhun siminti da ladan birkila.
5. Ku karɓo wasiƙar goyon baya daga asambiliman, wato wakilin unguwarku a majalisar ƙaramar hukuma.
6. Ku miƙa takardun a majalisar Asokore Mampong ko Asusun Raya Zango, wanda gwamnati ta kafa da dokar 2017.
7. Ku adana kowane rasit.